Ragon da Ya Ci Zogalena

Ragon ya riga cikin da na samu shigowa gidan da 'yan kwanaki. Auta ne ya jawo shi daga kasuwa da yamma, wani ɗan Uda mai dogayen ƙafafu, gabansa ja bayansa fari, ramamme har kana ganin haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Ya kafa masa turke a jikin bangon zaure ta cikin gida, ya riƙe ƙugu ya ce mu kalle shi da kyau, babur ne wannan ke tsaye da ƙafa huɗu. Zai kiwata shi har Babbar Salla ya sayar wa masu lodin dabbobi zuwa Kudu, ya sayi babur nasa na kansa, ya huta da yi wa wani haya.

Auta ƙanen maigidana ne, shi ne na ƙarshe a ɗakin Inna, surukata. Kada sunan ya sa ku ɗauka yaro ne. Gardi ne da gemunsa, kuma ya ba ni shekaru. Tun ranar da aka kawo ni Dutsin-Ma daga garinmu Ɗantutture ya laƙaba min "matata", kamar yadda aka saba tsakanin matar wa da ƙanen miji. Da farko ban ƙi ba, don baƙuwa a gida tana son mai sa ta dariya. Ya sha min fura in ɓoye masa takalmi, ya kushe miyata in ce ai shi ya sa har yau babu wadda ta yarda ta aure shi. Sai dai wasan nan yana da doka guda, ba a kai ƙara. Duk abin da ƙanen miji ya yi miki, in kika ɓata rai ke ce ba ki da tarbiyya. Auta ya san da wannan doka fiye da kowa, kuma a kanta yake cin abincinsa.

Cikin ya zo da kaka. Ba shi ne na farko ba, na farkon ya zube tun bai yi ƙwari ba, saboda haka wannan na riƙe shi da tsoro. Laulayi kuma ya zo min da ƙarfinsa. Gida cike da sabon gero da ɗanyar gyaɗa da takanɗa, kowa bakinsa na motsi, ni kuwa ko ƙamshin daudawar Inna na shaƙa sai bayan ɗaki. Tuwo ba ya zama, shinkafa ba ta zama, shayi ma dawowa yake. Na rame idanuna suka faɗa. Ranar awo ma'aikaciyar ta ja fatar idona ta duba, ta ce jinina ya yi ƙasa, in nemi ganye in ci ko da ba na so.

Abu ɗaya ne cikina ya karɓa, kwaɗon zogale. Kuma ba kowane zogale ba, sai na iccen da na dasa da hannuna a bayan ɗakina, inda ruwan wanke-wanke ke bi. Shekarar da aka kawo ni na soka reshen a ƙasa, ya kama, ya wuce tsayin katanga. Ko da rani, lokacin da na mutane ya koma sanduna, nawa kore shar yake. Da hantsi nake tsinko masu taushin, in zauna a tabarma in tsince a hankali, in dafa ba kanwa, in tsane. In daka ƙuli-ƙuli da barkono kaɗan, in yanka albasa da tumatir, in matsa lemun tsami. In na ci wannan na kora da ruwan randa sai in ji ƙafafuna sun dawo jikina. Rayuwata a watannin nan a jikin iccen take rataye, kuma babu wanda bai sani ba a gidan.

Ranar da na koma awo na biyu na daɗe a layi. Na dawo rana ta take, yunwa na cina, ina ta lissafa kwaɗona a hanya, har da cewa yau zan ƙara masa ɗan mai. Na shiga na ajiye mayafi na zagaya bayan ɗaki da kwano a hannu. Sai na ga sarari. Iccen yana nan, amma an datse shi kamar an yi masa aski, babu reshe ko ɗaya, farin ruwa na tsattsafowa daga inda adda ta sara. Na bi sawun ganyen da ya zube a ƙasa har turke. Rassan duka suna gaban ragon, ya sa ƙafa ya take wasu, ya yi fitsari a kan wasu, yana taunar sauran yana lumshe ido.

Auta na zaune a kan turmi yana wasa addarsa da dutse. Na ce, "Auta, mi na yi maka?"

Ya yi dariya ya ce, "Matata, ke kin ci jiya, kin ci shekaranjiya. Yau ranar ɗan'uwanki ce. Harawa ta yi tsada, ga abinci a banza a bayan ɗaki. Ai zai toho."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na ce masa shi kaɗai ne abincina, na faɗa da kuka, ba da wasa ba. Inna ta leƙo daga madafi tana dariya ta ce, "Ke ma dai, a kan ganye? Mijinki ne fa, ku kuka saba." Da maigidana ya dawo daga Karofi, inda yake koyarwa a firamare, na gaya masa. Mutum ne mai sanyi, irin sanyin da wani lokaci yake ƙona rai. Ya murmusa ya ce Auta ba ya jin magana, in yi haƙuri, gobe zai sayo min na kasuwa.

Ya sayo kuwa, dafaffe a leda, an dafa shi da kanwa ya yi baƙi yana warin hayaƙi. Loma ta biyu na mayar da shi. Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ruwan koko nake kurɓa, bayana ya ɗauki irin ciwon da ya yi wancan karon kafin cikin ya zube, in na je bayi sai in duba zanena gabana na faɗuwa. Ina kwance a ɗaki ina jin ragon yana tuƙa a bakin zaure. Da na ɗan samu kaina na gwada kwaɗon ƙanzo, ya zauna. Na tara ƙanzon tuwo na shanya a kan rumfa don in riƙa jiƙawa. Kafin mako ya zagayo Auta ya kwashe shi tas ya jiƙa wa ragonsa. Wannan karon ban yi kuka ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Na je gaban turken na tsaya, ragon ya ɗago ya dube ni, na ce masa a hankali, "Wallahi sai na ci ka."

Ba zan ɓoye ba, na yi tunani iri-iri. Na yi tunanin in kwance igiyar in bar ƙofa a buɗe. Na yi tunanin in bar leda a inda bakinsa zai kai. Amma dabba ba ta yi min komai ba, kuma mushe ba ya shiga cikin kowa. Ni ba asarar Auta kaɗai nake so ba. So nake abin da ragon nan ya ci nawa ya dawo cikina, a gaban mai shi, kuma kada a samu wanda zai ce na yi laifi. Hanya ɗaya ce ke kaiwa nan. A yanka shi ranar sunan abin da ke cikina.

Da sanyi ya shigo laulayin ya sake ni, na fara cin abinci kamar mai ramuwa. Kunun tsamiya da safe yana tururi, in zauna a rana in miƙe ƙafa ina kurɓa. Dankali in binne shi a toka bayan an sauke tuwo, in tono shi da yamma ɓawon ya ƙone cikin ya yi laushi. Faten kabewa da yakuwa, ɗanwake da man gyaɗa da yaji mai yawa. Kuma duk abin da na ci, ragon yana da rabonsa. Ɓawon dankali nasa ne, ɓawon kabewa nasa ne. In na surfa gero na wanke, ƙasarin ba ya zuba a ƙasa, sai na kai masa. Dusar da a da nake tarawa in sayar, na koma dama masa ita da ɗan gishiri da kanwa. Ranar da Auta ya wuni a tasha ya manta da shi, ni ke jan cikina in ba shi ruwa, in share masa turke, har in sosa masa tsakanin ƙahoni.

Inna ta riƙa yabona a gaban baƙi. Ta ce yarinyar nan ba ta da riƙo ko kaɗan, dubi ragon da ta yi kuka a kansa ita ke kiwonsa. Ina jin ta ina sunkuyar da kai kamar mai kunya. Namana nake kiwo, don me ba zan kula da shi ba.

A lokacin na raɗa masa suna. In zan kai masa ƙasari sai in ce, "Taso, ragon suna." Auta ya ji ya kwashe da dariya, ya ce ai dole, tunda shi ne mijin, ragon suna a wuyansa yake. Muka mayar da ita gaisuwa. In ya shigo ya ce, "Matata, ya mai gidan ciki?" in ce, "Yana gaida ragonsa." Yana jin daɗi, don ya samu mai yi masa kiwo kyauta. Amma magana tsakanina da shi iska ce, na sani. Sai ta faɗa kunnen da ba ya ɗaukar wasa.

Wannan kunnen na Baba Malam ne, mahaifinsu. Tsoho ne mai makarantar allo a ƙofar gida, ba ya yawan magana, ba ya shiga sha'anin cikin gida. Ni ko ido ba ma haɗawa, daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi. Abu guda ne ba ya ƙyalewa, rantsuwa. Na taɓa ji ya sa wani ɗalibinsa magidanci ya koma kasuwa da ƙafa a tsakar rana, saboda ya ce wallahi zai mayar wa wani igiyar aro ran nan kuma ya manta. Auta kuwa wallahi a bakinsa take kamar yawu. Sai dai yana kiyaye ta in tsohon na kusa.

Na ɗauki lokaci ina lura. Da bazara ta yi zafi, Baba Malam ya bar zama a waje bayan la'asar, ya koma shimfiɗa buzunsa a cikin zaure, a lungun da ke jikin bangon turke. Akwai wata 'yar taga a sama wadda iska ke bi. Wanda ke cikin gida ba ya ganinsa, amma shi ko tarin akuya yana ji. Auta bai san da wannan canjin ba, don ba ya dawowa sai kusan magariba.

Wata rana babur ɗin hayar ya lalace, ya dawo da wuri ta ƙofar baya. Na ga takalman tsohon a bakin zaure. Na ɗauki ƙwaryar dusa na nufi turke. Ragon a lokacin ya cika ya batse, wuyansa ya yi kauri, in ya motsa bayansa har rawa yake. Auta ya biyo ni yana shafa shi yana yabon kansa.

Na ce, "Ka daina shafa min rago, kada ka rage masa kitse."

Ya ce, "Ragonki ne mana, matata. Ni da ke akwai nawa da naki?"

Na ce, "Ƙarya kake. Kai da ko goro ba ka taɓa ba ni ba. Ranar da na haihu guduwa za ka yi da shi kasuwa, ka bar yayanka da kunya."

"Ni? Ba ki san mijinki ba."

"Na san ka sarai. Baki ne kawai gare ka. In da gaske kake ka faɗa yadda maza ke faɗa."

Ya dafa ƙirji, ya ɗaga murya kamar mai shela ya ce, "Wallahi tallahi, in Allah ya sauke ki lafiya ragon nan yana gidan nan, shi za a yanka ran suna. Kin ji ko in ƙara?"

Sai muka ji gyaran murya daga cikin zaure. Guda ɗaya, ba ƙari. Auta ya tsaya da hannu a ƙirji. Ya dubi tagar, ya dube ni. Ni kuwa na duƙa ina juya dusa. Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba ya sulale ya fita.

Daga nan sai jira, kuma jiran ya fi komai wuya. Baba Malam bai ce komai ba, ranar ko bayanta. Ban sani ba ko ya ji ko tari ne kawai ya sarƙe shi. Kuma Auta, ko da gangan ko da katari, ya bar wa kansa ƙofa a cikin rantsuwar, in ragon yana gidan. Babbar Salla na matsowa, watan haihuwata na matsowa, ban san wanda zai riga wani ba. Zafi ya kai inda ya kai. Ƙafafuna suka kumbura, takalmi ya daina shiga. In jiƙa zane in lulluɓa in kwanta a kan siminti, kafin in juya ya bushe. Mangwaro ne ya riƙe ni, ƙananan nan masu zare, in zuba su a bokitin ruwa su yi sanyi in zauna in sha har gwiwar hannu. Ɓawon kuwa kun san inda yake zuwa.

A al'ada gida ya kamata in tafi goyon ciki. Amma shekarar hanyar ƙauyenmu ba ta da daɗin bi, iyayena suka ce in zauna kusa da asibiti, Gwaggo za ta zo ta zauna da ni ta yi min wanka. Gwaggo yayar mahaifina ce, gajeruwa, mai kaifin baki, ba ta jin nauyin kowa. Ta iso bayan ruwan farko da ƙullin kayan yaji, kimba da citta da masoro da kanumfari, da ƙwan zabi a cikin ƙwarya an jera su a ƙaiƙayi. Ta dafa min su ta ɓare da hannunta, ta ce in ci, zancen wai in mai ciki ta ci ƙwai ɗa zai zama ɓarawo, ita ta ci a duk cikinta kuma babu ɗanta da ya taɓa ɗaukar allurar wani.

Muna dakan yaji mu biyu na ba ta labarin, tun daga zogale har gyaran murya. Ta ajiye taɓarya ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta daina, ta ce in nuna mata iccen. Ya yi toho a lokacin, 'yan ƙananan rassa. Ta dube shi ta dube ni ta ce, "Da cikin ya tafi, su ma da dariya za su yi?" Ta je ta kewaya ragon, ta danna bayansa da yatsa ta ce, "Bar min sauran."

Ranar kasuwar da ta biyo baya na tashi na ga Auta yana wanke ragon da sabulu. Masu lodin Kudu sun fara shigowa gari. Ya kwance igiyar, ya bi ta gabana yana fito, bai ce "matata" ba, bai kalle ni ba. Na bi bayan ragon da ido har ya fita zaure. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na dafa cikina na ce, kai ma ka ci amanata, da ka fito jiya mi zai rage ka. Na yi kuka sosai ranar, kukan takaici. Dusata, ƙasarina, ɓawon mangwarona, duk sun tafi sayen babur. Gwaggo ta ce in tashi in ɗauki taɓarya, daka yana saukar da ciki. Na ce ko na haihu yanzu an riga an gama.

Bayan la'asar na ji kukan da na sani a bakin zaure. Na leƙa. Ga Auta, ga rago, dukansu sun yi buɗu-buɗu. Yana faɗa wa Inna da faɗa cewa dillalai sun raina masa hankali, sun taya kamar suna tayin tunkiya. Wani ya kusa kai inda yake so, saura kaɗan, shi kuma ya ƙi. Ya ce kasuwa mai zuwa Salla ta ƙara matsowa, su za su biyo shi suna roƙo. Gwaggo ta ce, "Gaskiyarka, ɗana. Rago irin wanga ba a sakin shi da arha." Ta ba shi ruwa da hannunta.

Naƙuda ta kama ni kafin wata kasuwar. Da safe ta fara, kafin azahar na sauka a asibiti, ɗiya mace, mai gashi, mai ƙarfin murya. Da aka ɗora min ita a ƙirji na yi wa Allah godiya, na ƙare mata kallo daga kai har yatsun ƙafa. Sannan na jawo Gwaggo na tambaye ta a kunne ko yana nan. Ta ce yana nan a turke yana tuƙa.

Abin da Gwaggo ta yi a kwanakin barka aiki ne na gwanaye. Duk matar da ta shigo, bayan ta ga jaririya ta sha kunun kanwa, sai Gwaggo ta raka ta ta bi da ita ta gaban turke. "Kin ga ragon suna? Baffanta ne ya ba ta, Auta. Shekara guda yana kiwo, ya rantse tun tana ciki. Yaron kirki, irin su sun yi ƙaranci." Mata suka riƙa riƙe baki suna sa albarka. Wasu suka tare shi a hanya suna yi masa addu'ar mace tagari. Labari ya kai tasha, abokan hayarsa suka fara kiransa Alhaji. Gwaggo ba ta tsaya nan ba. Ta yafa mayafi ta je bakin zaure ta durƙusa ta ce, "Malam, mun ga abin arziki. Allah ya saka wa Auta, ya nuna tarbiyyar gidan nan." Ta ce tsohon ya ce, "Amin."

Ana gobe suna maigidana ya shigo da nasa ragon, wanda ƙarfinsa ya kai, wani ɗan madaidaici mai tari. Aka ɗaure shi kusa da babban, sai ya zama kamar ɗansa. Ɗakina yana kallon zaure, na ɗaga labule kaɗan ina shayar da yarinya. Baba Malam ya fito ya kira 'ya'yansa biyu. Ya nuna babban da sandarsa ya ce gobe da shi za a fara.

Auta ya durƙusa ya ce, "Baba, wasa ne fa nake da ita. Kowa ya san muna wasa."

Tsohon ya ce, "Da ita kake wasa. Sunan wa ka kama?"

Auta ya sosa ƙeya. Can ya ce ai akwai kaffara.

"Akwai. Ban hana ka ba. Ka yi kaffararka, ragonka naka ne. Amma kafin nan ka shiga cikin gida, ga mata can cike, ka gaya masu da bakinka ka fasa. Ni ba zan faɗa a madadinka ba." Ya juya ga maigidana ya ce, "In ya bari aka yanka nasa, ka ba shi wancan ƙaramin ya riƙe."

Auta ya dubi tsakar gida. Mata sun fi a ƙirga, ana ta gyaran shinkafa da yankan albasa, Gwaggo a tsakiyarsu tana ba da labari. Wata tsohuwa ta hango shi ta ɗaga hannu ta ce Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ya daɗe a durƙushe. Bai shiga ba.

Da safe bayan an raɗa suna Auta ne ya riƙe ƙafafun babban ragon aka yanka. Mahaucin da ya feɗe ya ce ya daɗe bai ga kitse irin wannan ba. Na fito daga wankan ruwan zafi jikina na tururi, Gwaggo ta kawo min hantar a gashe, ta barbaɗe ta da sabon yaji. Na ci a hankali, ban bar ko gutsure ba. Aka kawo farfesun kayan ciki na sha romon har gumi ya keto min. Ban taɓa cin abin da ya yi min daɗi kamar naman nan ba, kafin ranar ko bayanta.

Washegari da yamma, baƙi sun ragu, ina zaune da kwanon soyayyen nama a gabana, sai na ji sallama a bakin ƙofa. Auta ne. Bai ɗaga labule ya faɗo ba kamar yadda ya saba. Ya tsuguna a waje.

Ya ce, "Yaya, ina gajiya."

Tunda na zo gidan bai taɓa kirana haka ba. Na ce gajiya ta bi lafiya.

Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Sannan ya ce, "Kin san Baba na cikin zaure ran nan."

Na ce, "Na ga takalmansa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce shekara guda yana tashi da asuba neman ciyawa. Ya ce mai babur ɗin da yake haya ya riga ya ba wani, don ya gaya masa bayan Salla ba ya buƙata. Na saurare shi har ya gama, ban ji komai ya motsa a ƙirjina ba. Na zaɓi tsoka mai kyau na sa a murfin kwano na tura masa waje. Na ɗauka zai ƙi. Ya ɗauka ya sa a baki, ya tauna ya daɗe yana taunawa.

Ya ce, "Ya yi daɗi."

Na ce, "Ya sha kiwo."

Ƙaramin ragon bai yi wani kuɗi ba, Auta ya ƙara shekara yana neman na haya kafin ya samu nasa. Yarinyar yanzu tana gudu a tsakar gida, kuma duk gidan babu wanda take so kamarsa, don an gaya mata shi ya yanka mata babban rago. Yana ɗaukarta a gaban babur ya zagaya da ita unguwa. Ni kuwa tun daga ranar bai sake tsokanata ba. In ya shigo sai ya rage tsawo ya gaishe ni kamar surukarsa, ya tambayi aiki, ya wuce. Wani lokaci da yamma tsakar gidan kan yi min shiru, in tuna akwai lokacin da ake dariya a bakin ƙofata. Amma da za a mayar da ni waccan bazarar, da kumburarrun ƙafafuna zan sake zuwa in dama wa ragon nan dusa.